Motar rimot mai in'ina: nazarin matsalar inji marar burushi a zafin Sakkwato

Motar da mai ita, Disamba 2024

Mai motar ɗalibi ne ɗan shekara 21, yana zaune gidan iyayensa a Arkilla. Ɗan ƙanwata ne, shi ya sa maganar ta zo hannuna, ko da yake sai da ya yi wata biyu da rabi yana fama shi kaɗai. Sana'ata haɗa sola ce da gyaran inbata. Abin da na rubuta game da watannin farko daga bakinsa na ji, tare da hotunan da ke wayarsa. Daga 26 ga Afrilu zuwa gaba kuwa daga littafin da muka buɗe wa motar na kwafo.

Motar ta hannu ce, yayansa ya aiko masa da ita a ƙarshen Disamba. Girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, tayoyi huɗu duk suna ja. Injinta marar burushi ne, irin wanda ake kira 3650, wato kaurinsa milimita 36, tsawonsa milimita 50, an rubuta 3300KV a jikinsa. Ma'anar lambar ita ce kowane bolt ɗaya yana ba shi juyi 3,300 a minti idan babu kaya a kansa. Batirin LiPo ne, wato wani nau'in batirin litiyam, mai sel biyu, 5000mAh, wanda ke kan bolt 7.4, ya kai 8.4 idan ya cika. Ke nan injin yana iya haura juyi 24,000 a minti. Akwatin sarrafa gudu, wanda masu harkar ke kira ESC, mai amfiya 60 ne da 'yar fanka a kansa. Ƙaramin giya mai haƙora 19, babban giya mai 87.

Sai an fahimci yadda irin wannan inji ke aiki kafin sauran labarin ya shiga kai. A injin huda bango ko kik na mota akwai gutsattsarin gawayi, waɗanda ake kira burushi, da ke gogar tagulla, su ne ke juya wa wuta hanya yayin da inji ke juyawa. Shi ya sa da ka ba shi waya biyu sai ya kama aiki. Marar burushi ba shi da wannan gawayin. Koyil uku ne manne a jikin gwangwanin, mayen ƙarfe kuma yana kan sandar tsakiya, sai wayoyi uku da suka fito waje. ESC ne ke raba wa wayoyin wuta bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa, kuma dole ya san inda mayen ƙarfen yake kafin ya san wayar da zai ba. Wasu injuna suna da na'urar ji a ciki da wata siririyar waya mai baki shida da ke kai wa ESC labari. Na wannan motar ba shi da ita. Dabarar da ESC ɗinsa ke yi ita ce ya ba wayoyi biyu wuta, ya saurari ta ukun, domin mayen ƙarfe idan yana wucewa ta gaban koyil yana haifar da 'yar wuta a cikinsa. Idan mota na tsaye babu abin saurare, sai ya yi lalube na ɗan lokaci. Don haka ɗan ƙaramin karkarwa a farkon tashi halin irin injin ne.

Janairu gaba ɗaya motar ta yi aiki lafiya. Yana tuƙa ta da safe da yamma a wani fili mai jar ƙasa bayan gidajensu, cikin ƙurar hunturu. A gefen filin akwai rumfar masu walda.

Alamar farko, 8 zuwa 22 ga Fabrairu 2025

Ranar Asabar 8 ga Fabrairu ya ja kunamar rimot, motar ta yi gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, tana ƙara kat-kat-kat, tayoyi na rawa a wuri ɗaya. Shi ya kira abin in'ina, kuma sunan ya dace. Da ya tura ta da ƙafa sai ta kama gudu kamar babu komai. A ranar sau uku ta yi haka cikin tashi kusan ashirin. Bayan mako guda ta koma yi sau ɗaya cikin kowane tashi uku.

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya cika batir. Ya canza batiran rimot. Ya sake haɗa rimot da risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin motar. Ya kuma sake saita ESC da rimot ɗin yadda takardar motar ta ce: a nuna masa tsakiya, a nuna masa ƙarshen gudu, a nuna masa ƙarshen birki. Duk a yini ɗaya ya yi waɗannan, kuma da yammar ranar motar ba ta yi in'ina ba ko sau ɗaya. Washegari ta dawo.

Ranar 22 ga Fabrairu wani abokinsa ya ce masa injin ne ya fara rauni, a sa masa giya mai girma zai farfaɗo. A ledar kayan da suka zo da motar akwai ƙaramin giya mai haƙora 25, sai ya cire mai 19 ya ɗaura shi. Da mai 19 inji yana juyawa sau 4.6 kafin babban giya ya juya sau ɗaya. Da mai 25 sau 3.5 ne. Motar ta ƙara gudu a miƙaƙƙiyar hanya, abin da ya faranta masa rai, amma in'inar ta ƙaru har ta kai kusan kowane tashi sai an tura.

Azumi da bayan Sallah, Maris zuwa 5 ga Afrilu

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Ya fita da motar sau biyu ko uku bayan la'asar a makon farko, daga nan ya cika batirin ya ajiye a kan wadirob, a ɗaki mai rufin kwano, bai sake taɓa shi ba sai bayan Sallah, wadda aka yi ranar 30 ga Maris.

Ranar 5 ga Afrilu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, sabuwar matsala ta fito. Bayan minti huɗu zuwa biyar na gudu sai motar ta tsaya cik. Sitiyari yana aiki, tayoyin gaba suna juyawa hagu da dama, fitilar ESC tana ƙiftawa, amma kunama ba ta amsawa. Idan ya bar ta minti goma sai ta tashi, ta yi minti biyu, ta sake ɗaukewa. Ya ce da ya taɓa injin da yatsa sai da fatar ta yi ja. Ya kuma lura batirin ya ɗan tasa, ba ya shiga gurbinsa da sauƙi kamar da.

A lokacin zafin rana a Sakkwato ya riga ya haura digiri 40, kamar yadda ya saba daga Maris zuwa Mayu.

Wajen mai naɗin koyil da sabon inji, 9 zuwa 21 ga Afrilu

Ya kwance injin ya kai wa wani dattijo mai naɗin fanka da injin ban ruwa, mutumin da ya shekara talatin a sana'arsa kuma an san shi da gaskiya. Dattijon ya sa mita tsakanin wayoyin, biyu-biyu. Kowane karo mitar ta yi ƙara ta nuna kusan sifiri. Sai ya ɗauko batirin babur ya dangwala wa wayoyi biyu. Tartsatsi ya tashi, sandar ta zabura ta tsaya, wayar ta yi ɗumi nan take.

"Samari, wanga koyil ya haɗe," in ji shi. "Ka ga mita, ka ga kuma ba shi juyawa. Kuma ƙanƙantarshi ta yi yawa, ba ni iya naɗa shi."

"To Baba, mi za a yi?"

"Sai sabo."

Ya yi odar sabon inji mai lamba iri ɗaya daga Legas, da kuɗin da ya tara na canza waya. Ya iso ranar 19 ga Afrilu. Da ya ɗaura, motar ta riƙa yin baya idan an ja kunama gaba. Ya bincika ya gano cewa a inji marar na'urar ji, musanya kowace waya biyu cikin ukun yana juya alƙiblar juyi. Ya zare fulogai biyu ya musanya, ta daidaita. A ranar da washegari babu in'ina ko kaɗan, sai dai wani sabon kuka mai tsini da giyoyi suka fara. Ranar 21 ga wata in'inar ta dawo yadda take, ɗaukewar ma ta dawo, yanzu a minti na huɗu.

A kan teburin shago, 26 ga Afrilu

Ya shigo shagona da motar a cikin buhu, tsohon injin kuma a aljihu.

"Kawu, na sayi sabo, shi ma shina yin abin da tsohon ka yi."

"Mi da mi kac canza tun farko?"

Ya lissafa. Na ce ya sake lissafawa a hankali ina rubutawa, kowanne da ranarsa. Daga nan muka yi yarjejeniya: abu ɗaya za a taɓa a lokaci guda, a gwada, a rubuta, sannan a wuce.

Mun fara da tsohon injin tunda yana hannu. Na sa mita tsakanin kowace waya da jikin gwangwanin: babu haɗi, wato wuta ba ta zuba a jiki. Tsakanin waya da waya mitar ta nuna juriyar om 0.3, daidai da abin da take nunawa idan na haɗa bakunanta biyu da juna. Koyil ɗin fankar sama siririyar waya ce mai ɗaurin dubbai, tana ba da ɗaruruwan om. Na wannan injin waya ce mai kauri, ɗauri kaɗan, juriyarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ba, kuma mitar hannu ba ta iya bambance hakan da haɗewa. Sabon injin ma 0.3 ya nuna.

Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne a mai da injin janareta. Na damƙe sandarsa a bakin injin huda mai juyi kusan 1,400 a minti, na sa mita a ma'aunin wutar AC mafi ƙanƙanta, na auna wayoyin biyu-biyu yana juyawa. Tsohon ya ba da bolt 0.28, 0.28 da 0.28. Sabon ya ba da 0.30 sau uku. Da a ce koyil ɗaya ya ƙone ko ya haɗe, da lamba ɗaya ko biyu sun faɗi ƙasa da sauran. Wanda ba shi da irin wannan mitar yana iya haɗa bakin waya biyu ya murza sandar da yatsa: zai ji ta yi nauyi, kuma nauyin ya kamata ya zama ɗaya a haɗi ukun.

Abin da na ji a tsohon injin da hannu shi ne gurza-gurza, kamar akwai yashi a ciki. Muka buɗe murfin baya. Mayen ƙarfen ya yi gemu da baƙin garin ƙarfe, irin wanda injin gurza na masu walda ke watsawa, boris ɗin gaba kuma ya cika da jar ƙura. Muka ajiye shi gefe.

Sai motar. Muka ɗora ta kan bulo, tayoyi a sama, muka cire ƙaramin giya domin injin ya juya shi kaɗai. Ya tashi lafiya sau biyar, ya yi in'ina a na shida. Na ce ya riƙe kunama kaɗan, inji na juyi a hankali, ni kuma ina lanƙwasa wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ta farko babu komai. Ta uku babu komai. Ta tsakiya kuwa, da na taɓa ta daidai wuyan fulogi ta ɓangaren ESC, sai injin ya shaƙe ya kama kat-kat. Na saki ya daidaita. Sau bakwai muka maimaita, sau bakwai ya yi.

Rigar robar da ke kan wannan fulogin ta yi ruwan ƙasa, sauran biyun suna nan da launinsu. Na tsaga ta da reza. Dalmar ta dunƙule a saman wayar kamar ƙwallo, toka-toka, ba ta shiga cikin zaren tagullar ba. Zaren sun yi baƙi, kuma waɗanda ke riƙe da fulogin ba su fi biyar ba. Sauran suna taɓawa ne kawai idan wayar ta kwanta ta wani gefe. Alamu sun nuna mai motar na farko ya canza fulogan da ƙarfen dalma marar zafi sosai. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Lissafin zafin wurin mai sauƙi ne. Idan haɗin ya ƙara juriyar om 0.02 kacal, kuma amfiya 40 na bi ta ciki lokacin da aka take mota, wat 32 ke zama zafi a wuri mai girman ƙwayar gyaɗa. Ƙarfen dalmar masu gyaran waya ke nan a kunne cikin roba.

Muka yanke santimita ɗaya daga wayar har tagulla mai haske ta fito, muka sa sabon fulogi mai milimita 4. Na yi aiki da ƙarfen dalma mai wat 80 mai faɗin baki, na shafa man dalma, na fara jiƙa wayar da dalma ita kaɗai, na cika kofin fulogin, sannan na haɗa su har dalmar ta kwanta tana sheƙi. Sauran biyun ma na tsaga na duba. Ɗaya lafiya, ɗaya na sake shi. Da za mu mayar da giya sai muka ga ya matse shi da babban giya babu sarari ko kaɗan, dalilin kukan nan ke nan. Muka sa siririyar takardar littafi tsakanin haƙoran, muka danna, muka ɗaure, muka zare takardar.

A ƙasa, kan siminti da kan yashi, mun tashe ta sau 40. In'ina ba ta yi ba ko ɗaya. Giyan da ke kai har lokacin mai 25 ne, da gangan muka bar shi. Na kuma rubuta abu biyu da na gani ban taɓa ba: fankar ESC ba ta juyawa, kuma sel biyun batirin suna kan bolt 4.19 da 4.07 bayan ya ce ya cika shi.

Gwajin zafi, 3 zuwa 11 ga Mayu

Na zo filin da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, na aikin lantarki. Irin wanda aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin korona yawancinsa ba ya wuce digiri 43, ba zai yi wannan aikin ba. Mun manna baƙin tef a jikin injin, domin ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ma'aunin. Abin da masu irin waɗannan motoci suka saba bi shi ne kada jikin inji ya wuce digiri 80, saboda mayen ƙarfen cikinsa yana rasa ƙarfi idan ya gasu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ranar 3 ga Mayu, ƙarfe huɗu da rabi, zafin inuwa digiri 41. Da giya mai 25, bayan minti biyar inji ya kai 92, ESC 84, a minti na shida ta ɗauke. Sitiyari na aiki, batir na kan bolt 7.7, wato ba ƙarewar caji ba ce, kariyar zafi ce ta ESC ta yanke wa inji wuta ta bar wa risiba da sitiyari tasu. Muka jira rabin awa, muka mayar da giya mai 19. Bayan minti biyar inji 79, ESC 76. Ta yi minti takwas ba ta ɗauke ba.

Fankar ba ta gyaru ba, ƙura da zaren ciyawa sun cinye gindinta. Sai da muka yi mako kafin muka samu mai milimita 30 a wajen masu gyaran kwamfuta. Ranar 10 ga Mayu, zafin inuwa 42, da sabuwar fanka ESC ya tsaya a 61, inji kuma 80. Injin bai sauka ba, don haka muka cire ƙaramin giya muka tura motar da hannu a kan siminti. Ba ta yi nisa ba ta tsaya, tana karkata dama. Tayar baya ta dama ce: boris ɗinta, mai 5×11×4, ya daskare har sandar tana juyawa a cikinsa tana cinsa. Muka canza shi da na kusa da shi, sauran muka wanke da kananzir, muka busar, muka ɗiga wa kowanne ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Mai da yawa ƙura yake kira. Gwaji na gaba a yammar, inji 68.

Washegari ƙarfe bakwai na safe, zafin gari 31, tuƙi iri ɗaya, inji 57. A gwaji biyun injin ya ɗora digiri 26 ne a kan zafin gari.

Batirin, 11 zuwa 31 ga Mayu

Da zafi ya sauka motar ta samu damar yin dogon gudu, sai abu na uku ya fito fili. A minti na tara ƙarfinta ya ragu da rabi, inji kuwa bai yi zafi ba. Muka auna sel ɗin ta ƙaramar wayar daidaita caji: ɗaya 3.61, ɗaya 3.28. ESC ɗin an saita shi ya rage wuta idan batir ya sauka zuwa bolt 3.2 a kowane sel, amma jimillar kawai yake gani, bai san ɗaya ya riga ɗan'uwansa faɗuwa ba. Da na tambayi mai motar, ya ce bai taɓa soka wannan ƙaramar wayar a caja ba, manyan biyun kawai yake haɗawa.

Mun gwada cajin daidaitawa sau biyu, bambancin ya ragu ya sake dawowa, kumburin kuma yana nan. Batirin LiPo da ya kumbura ba abin ajiyewa a ɗakin kwana ba ne. Muka fitar da shi tsakar gida cikin bokitin yashi, muka haɗa masa ƙwan fitilar babur har ya sauka sifiri. Sabo ya iso a ƙarshen wata. Yanzu caji a cikin tukunyar ƙasa ake yi, a inuwa, da mutum a kusa, kuma idan za a yi kwana biyu ba a tuƙa ba sai a bar kowane sel a bolt 3.8.

Abin da ya bayyana

Matsala uku ce ta hau kan juna, kuma babu ɗaya daga ciki da ta fito daga koyil ɗin inji. In'inar daga fulogin tsakiya take. ESC marar na'urar ji da wayoyin nan uku yake ciyar da inji, da su kuma yake sauraronsa, don haka wayar da ke yankewa tana hana shi abinci da ji a lokaci guda. Idan mota ta riga ta ɗauki gudu, nauyinta yana tsallakar da ita wurin yankewar, shi ya sa turi ke tashin ta. Ɗaukewar daga zafi take: giya mai 25 ya ƙara wa inji kaya da kusan kashi ɗaya cikin uku, boris ya daskare, fanka ta tsaya, garin kuma ya ƙara kusan digiri goma tsakanin Janairu da Afrilu. Ragin ƙarfin minti na tara kuwa na batirin da ya yi makonni cike a ƙarƙashin kwano ne, ba a kuma taɓa daidaita sel ɗinsa ba.

Sau biyu motar ta yi kamar ta warke, ranar da ya sake saita rimot da ranar da ya sa sabon inji. A duka biyun ya motsa wayoyin, zaren tagullar suka ɗan kwanta wuri mai kyau na kwana ɗaya ko biyu. Da abu ɗaya ya taɓa kowane karo, da ya lura cewa taɓa wayar ce ke kawo sauƙin. Wannan a ganina shi ne ya fi cin lokaci da kuɗi, fiye da shawarar giya.

Dattijon mai naɗi bai yi ƙarya ba, abin da mitarsa ta nuna ya faɗa. Gwajinsa biyu daidai suke a kan fanka da injin gawayi, amma marar burushi mai cikakkiyar lafiya ma haka zai yi: ya nuna sifiri, ya zabura ya tsaya. Dangwala masa batir kai tsaye kuma haɗari ne, daƙiƙa kaɗan suka rage koyil ɗin ya ƙone da gaske. Irin waɗannan injuna suna ƙaruwa a garin nan, a fankokin sola da kekunan lantarki da jiragen ɗaukar hoto na biki, kuma ina ganin masu sana'ar naɗi sun cancanci a nuna musu gwajin injin huda, domin kayan aikinsa duk suna da su.

Game da giya, takardun da ke zuwa da motocin ba da Afrilun Sakkwato aka rubuta su ba. Injin da ke ɗora digiri 50 a kan zafin gari zai zauna lafiya da safiyar hunturu, ya kuma haura 90 da la'asar ɗin bazara, alhali ba a canza masa komai ba. Bambancin 0.28 da 0.30 tsakanin injunan biyu, kusan kashi 7 cikin ɗari, ya yi daidai da mayen ƙarfen da ya sha gashi a ranakun farkon Afrilu.

Inda aka tsaya, 14 ga Yuni

Tsohon injin mun share masa garin ƙarfe da tef mai danƙo, mun canza boris ɗin gaba, mun mayar da shi kan motar tun 17 ga Mayu. Sabon yana cikin leda a shagona. Mai motar ya daina tuƙi ta gefen rumfar masu walda, ya koma ɗaya ƙarshen filin, kuma bayan kowace fita yana busa ƙura da burushin fenti da famfon keke. Giya mai 25 mun rubuta a littafin cewa ba za a sake gwada shi ba sai Disamba, da ma'aunin zafi a hannu.

Ranar Asabar 14 ga Yuni, bayan Babbar Sallah da mako ɗaya, ƙasa ta ɗan yi laima, zafin inuwa 35. Tashi 30 babu in'ina. Motar ta yi minti 21 kafin ESC ya rage wuta, sel biyun suna kan 3.52 da 3.51, jikin tsohon injin kuma digiri 63.